Mabuɗin Bakin Barira

Shekara ashirin da ɗaya ina gyaran keke
a gindin darbejiyar tashar Sankara.
Ƙafar keke in ta karkace ba a dukanta,
wayoyin ake bi ɗaya bayan ɗaya,
a ɗaure nan kaɗan, a sassauta can,
har ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

Amma ban taɓa murza noti a jikin mai rai ba
sai da likitar Kano ta leƙa bakin Barira
ta ce ɗakin ya yi wa baƙi kaɗan:
haƙoran girma na tafe, babu masauki,
na sama sun faɗa cikin na ƙasa
kamar murfin da ya gaza bakin tukunya.
Ta ce akwai ɗinki a tsakiyar ganɗa
da bai gama kamewa ba,
shekararta tara, yanzu ne lokacinsa.

Buhun riɗi uku ya ci.
Ƙarfen bai kai girman ƙwaro ba,
ƙafafu huɗu, ya riƙe turame gam.
Aka ba ni mabuɗi, siriri kamar tsinken tsire,
da zare a gindi, wai in ɗaura a hannu
kada ya suɓuce ya bi maƙogwaro.

Bayan lisha Hansatu ta riƙe tocila,
Barira ta ɗora ƙeya a cinyata.
Ni da na kwance giyar da ta gagari Ringim
sai ga hannuna yana rawa.
Na nemi ramin, na rasa, na samu.
Juyi ɗaya, daga gaba zuwa baya.
Ta runtse ido. Ta ce, Baba, hancina ake turawa.
Na ja layi da gawayi a bayan ƙyaure.

Kwana uku kunu, kwana uku fura.
Rake ya haramta, aya ta haramta,
ƙuli-ƙuli sai dai ta ji ƙanshinsa a bakin ƙaninta.
A Islamiyya ƙaf ta ƙi fita,
yara suka yi dariya, malam ya ɗaga bulala
sannan ya leƙa bakin, ya ajiye.

Layi na tara, sai ga wushirya.
Gwaggo Tabawa ta rangaɗa guɗa a tsakar gida,
ta ce, ashe sayar da ita suke a birni,
mu da muka yi ta cusa tsinke muna yara!
Na ce likita ta ce rufewa za ta yi.
Ta ce, to, Allah ya sa likita ta yi kuskure.

Layi ashirin da takwas, aka ce in tsaya.
Ƙarfen zai zauna wata shida
har ƙashi ya cike inda aka buɗa,
yadda ake barin sabon yaɓe ya sha iska
kafin a jingina masa kaya.
Wushirya ta fara tsukewa da kanta.
Gwaggo ta ce an ba yarinya aro an karɓe,
kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Daren jiya na farka, ban san me ya tashe ni ba.
Na kasa kunne.
Minsharin da muka saba da shi tun tana goye, babu.
Na tashi ba takalmi, na tura labule,
na kai bayan hannuna kusa da fuskarta.
Baki a rufe.
Iska na shiga ta hanci, tana fita,
ɗumi-ɗumi, ba gardama.

Mabuɗin yana cikin gwangwanin madara
tare da ƙananan notina da bawul.
Jiya wani ya kawo keke, na zazzage gwangwanin,
ya ɗauka, ya juya, ya ce wannan na wane inji ne?
Na ce ajiye, ba naka ba ne.