Albasar da Na Bari

Ranar da aka ce kowa ya tafi gida
wake nake tsincewa a ɗaki na sha bakwai.
Sati biyu, in ji sanarwa.
Na bar bokitina, na bar littafi a buɗe,
na bar albasa uku a ƙarƙashin gado,
na ce wa Sa'ima: ɗari ukunki
sai mun dawo.
Mota ta haye da mu gadar Kwalkwalawa
muna shewa kamar an ba mu hutun salla.

A Runjin Sambo na wayi gari likita.
Shekarata biyu kacal a karatun haɗa magani,
sunayen ma ban gama haddacewa ba,
amma ga Kawu Malami ya manna mini waya a kunne:
"Saurari wanga, Luba.
Tafarnuwa bakwai da ruwan zafi kafin asuba."
Gobe citta da lemon tsami.
Jibi tazargade.
Gata kuma aka ce ranar Sakkwato
ba ta barin ƙwayar cuta ta kai azahar.
Na leƙa waje: kwalta na gumi,
akuya ta lafe a gindin randa tana haki.
Saura kaɗan in yarda.

Na ce sabulu. Na ce tazara.
Inno ta dube ni sama da ƙasa:
"Ni za ki koya ma wankin hannu,
ni da ke alwala tun uwarki ba ta san ruwa ba?
Takunkumi kuwa sai jaki mai ɓarnar dawa."
Wanda na ɗinka mata da ragowar atamfa,
goro ta ƙulle a ciki.

Karatu ya koma cikin waya,
waya kuma ba ta kamawa sai a kan katangar bayan gida.
Can nake zama kamar ƙadangare,
malam yana tsinkewa yana ɗinkewa:
"Abin da ba zan so ku manta ba shi ne..."
sai katina ya ƙare.
Har yau ban san mene ne ba.

Wata safiya Umma tana soya man shanu,
yara na ta haɗiyar yawu,
ni ko iska kawai nake shaƙa.
Na kai daddawa hanci. Shiru.
Ban gaya wa kowa ba sai da zazzaɓi ya tona ni.
Na kulle kaina a ɗakin ajiya,
ni da buhunan gero da tsohon keken Baba,
ina ƙirga numfashi kamar mai jan carbi.

Dare na huɗu aka ƙwanƙwasa.
Inno ce, da tukunyar ganyen dogon yaro tana tururi.
Ta tsaya nesa, taku uku cif,
takunkumin a fuskarta, a karkace,
da jan goro a gefe guda.
Babu shafin da ya ce in yi surace.
Na ja bargo na rufa, na yi.
Ba don ganyen ba.

Wata goma, sati biyun nan.
Kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa,
littafi yana nan a shafin da na bar shi.
Gadon Sa'ima ƙarfe zalla, ba katifa.
An ce babanta ya tafi cikin azumi,
sahu ɗaya aka yi masa,
yanzu ita ke auna gishiri a shagonsa a Illela.
Na sa ɗari ukun a tsakiyar littafi.

Albasa biyu sun zama ɓawo.
Ta ukun ta fid da tsiro, fari, siriri,
ya rarrafo cikin duhu yana neman ƙasan ƙofa.
Na yanka ta.
Yajinta ya hau mini hanci, ya kai ido.
Sabuwar 'yar ɗaki ta ce, lafiya?
Na nuna mata albasar.