Kwalbar Ƙarshe

Da sassafe na gangara wurin Oreste mahauci.
Gajimare ya sauko ya kwanta kan tuddan Langa,
ba a ganin coci, sai dai a ji ƙararrawa.
Na ce ya saro mini haƙarƙarin sa, gajeru, masu kitse.
Ya dube ni ta saman tabarau: "Nives, baƙi za ki yi?"
Na ce, "Auna dai."

Na tsane naman da ƙyalle, na barbaɗa gishiri,
na jera shi cikin mai, tukunya tana tsuwwa.
Ba a taɓa shi. Haka Mama ta koya mini:
nama ba ya son a dame shi kafin ya yi ja,
in ya shirya, da kansa zai saki gindin tukunya.
Sai albasa, sai karas,
da tafarnuwa biyu da na murƙushe da tafin hannu.

Sannan na sauka ɗakin ƙasa.
Kwalba ɗaya ta rage daga gonar inabin Baba,
yana ta yi mata mayafi, rubutunsa na alli yana wuyanta.
Shekara goma sha ɗaya ina ɓoyonta,
tun ranar da Gualtiero ya sa hannu a takarda
ya sayar wa masu otal na Torino gangarenmu,
ni kuwa na kulle bakina a kansa, na jefa makullin a rijiya.

Shekaranjiya ya bugo waya. Muryarsa ta tsufa.
Wai likita ya ga wani abu a hoto.
Bai nemi gafara ba.
Cewa ya yi, "Har yanzu kina yin naman nan?"

Na tuttule ta duka, ko ɗanɗanawa ban yi ba.
Ta yi ƙara, ta tashi tururi,
kaifinta ya bi ta taga ya fice.
Jan giya haka take, sai wuta ta cinye mata faɗa
kafin a san abin da ke ƙasanta.
Na rage wuta, na rufe. Awa uku da rabi.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ba a faɗi yadda hannunsa ke rawa ba.

Folenta kuwa ba ta yarda a juya mata baya.
Ruwa na tafasa a tukunyar tagulla,
garin masara yana zuba ta tsakanin yatsuna kamar yayyafi,
muciya tana zagaye gefe ɗaya, kar gudaji ya samu ƙofa.
Minti arba'in take ci.
A na goma sha biyar kafaɗata ta ce ta gaji.

A lokacin ya shigo, rigarsa jiƙe,
riƙe da burodin da babu mai bukata.
Ya rame. Kunnuwansa sun zama na Baba.
Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba.
Ya karɓi muciyar.
Na tsaya ina kallon bayansa yana tuƙi,
har folenta ta fara numfashi, tana barin jikin tagulla.

Muka kife ta kan katako, rawaya, tana hayaƙi.
Ya yanka da zare, bai manta ba.
Na buɗe tukunya: ƙashi ya zame da kansa,
romo ya yi duhu, ya yi kauri, yana sheƙi.

Loma ɗaya ya kai, ya ajiye cokali.
"Ta Baba ce?"
Na ce, "Ta ƙare."
Ya daɗe yana duban kwalbar a bakin taga.
Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
kowa ya bar nasa a nasa, muka ci gaba da ci.

Da muka gama ya jawo tukunyar tagulla gabansa
yana kankare ƙanzo da wuƙa, kamar yana ɗan shekara bakwai.
Na buge masa hannu.
"Rabi nawa ne."