Taku Tara

Daga gindin mangwaro zuwa bakin gaɓa
taku arba'in ne, in ji Baba Jatau,
shekarar da ya sayi lambun nan a Rafin Guza
da kuɗin sallamarsa daga masaƙa.
Ya auna da ƙafarsa,
ya rubuta da gawayi a bangon bukka.

Jiya na auna. Taku tara.
Kuma ƙafata ba ta kai tasa tsawo ba.

Kogin Kaduna ba ɓarawon dare ba ne,
da rana tsaka yake ci, kana kallo.
Ba ya gaggawa. Lasa yake yi,
kamar akuya ta samu kanwa.
Ta ƙasa yake farawa, inda ido ba ya kai,
ya rarake cikin gaɓa, ya bar mata leɓe,
ciyawa a sama kore shar, kamar lafiya lau.
Sai wata Laraba cikin Agusta
ka ji tim!
Kunya uku ta yakuwa ta tafi ba sallama,
ruwa ya yi ja, ya haɗiye, ya wuce abinsa.

Mu ne a bayan gwiwar kogi, inda yake karo.
Can ƙetare, inda yake tafiya a hankali,
yakan sauke abin da ya ɗauka.
Wani sabon tudu ya taso, lallausa,
Tanimu ya kafa turke, ya shuka albasa.
Albasar Tanimu a kan ƙasar ubana take ƙiba.
Ranar kasuwa mukan gaisa.
To me zan ce masa?
A wace kotu ake kai ƙarar ruwa?

Da asuba masu yashi sukan zo da kwalekwale,
su nutse da bokiti, su fito suna huci,
tifa na jira a kan hanya, baki buɗe.
Ba na zaginsu, su ma da bakunan da ke jiransu a gida.
Amma duk ramin da suka bari a ƙasan ruwa
daga gaɓata kogi yake zuwa ya cike shi.
In na bi ta Malali na ga bene mai hawa uku
nakan rage tafiya:
wataƙila lambunmu ne a tsaye, an shafa masa fenti.

Na jera buhuna. Na ɗaure tsofaffin tayoyi da waya.
Na dasa jema, na kafa gora.
Jemar ta riƙe, Allah ya yi mata albarka,
sauran kuwa suna can wajen gadar jirgin ƙasa,
ko sun wuce.

Da rani, in ruwa ya janye jikinsa,
duwatsu sukan fito shan rana kamar shanu.
Akwai wanda Inna Lantana take wanki a kai,
yana da rami a ka, sumul, kamar turmi.
Ba hannun da ya sassaƙa shi.
'Yar tsakuwa ce ta faɗa, ruwa ya yi ta juya ta
tun kafin a san za a yi gari a nan.
Na sa hannu har gwiwa, na taɓo ta a ƙasa,
tana nan, ta zama ƙwai, ba ta gama aiki ba.
In dutse bai tsira ba, ina ga jar ƙasa?

Mangwaron ya fara nuna saiwa,
kamar tsoho ya tattare wando zai haye rafi.
Bana ma ya yi 'ya'ya, har reshe ya karye.
Bai san lissafi ba.

Na tsotse ɗaya, na ɗauki ƙwallon,
na juya wa ruwa baya, na ƙirga arba'in,
na tona, na binne.

Ɗana Barau ya biyo ni, ya ce shi ma zai auna.
Ya tashi daga gindin bishiya,
yana ɗaga ƙafa kamar soja,
na riƙe masa riga da ya kusa baki.
Ya ce, "Baba, goma sha bakwai! Ashe da yawa."

Na ba shi gawayi.
Ya rubuta a ƙarƙashin na kakansa,
bakwai ɗin tana kallon baya.