Lambar da Ke Jikin Bango

Da gawayi na rubuta lambar Adda Dudu
a bango, dab da ƙusar da nake rataye mayafi.
Haladu ya ce na ɓata masa fenti.
Na ce bari dai.

Watan Afirilu, Garwa tana gashi.
An ɗauke wuta tun magariba,
fanka ta tsaya cak da fukafukanta uku tana kallona.
Haladu na hanyar Ngaundare da lodin auduga,
uwata na Gidar,
tsakanina da ita kuɗin motar da ba ni da su.
Muntari, kwana arba'in da shida a duniya,
tun la'asar yake kuka.

Na ba shi nono, ya tofar.
Na goya shi, ya banƙare.
Na shafa masa ruwan randa,
na tofa masa duk abin da na haddace.
Har ladan ya yi kiran farko bai sauke murya ba.

Sai na ɗago shi ta hamata
har fuskarsa ta zo daidai da tawa,
na ji wani zafi ya taso daga gwiwar hannu
yana neman hanyar fita.
Hannuwan nan da suka sha lalle ranar suna.
Na ce me kake so,
da muryar da ban san ina da ita ba.
Na ajiye shi.
Har yau ban san wa ya ajiye shi ba, ni ko Allah.

Ranar Laraba, bayan ɗakin awo na asibitin unguwa,
mu goma sha ɗaya kan tabarma biyu,
babu wadda ta haura ashirin da ɗaya.
Adda Dudu ta zo da kindirmo a ƙaramar ƙwarya,
ya kwanta luf, ko tsaga babu.
Ta rufe da faifai, ta girgiza sau uku kacal,
ta buɗe, ta zagaya da shi.
Ta ce haka cikin kan jariri yake,
kuma ba mai mayar da shi yadda ya kwana.

Ko tari ba a yi ba.
Solanj, mai tuyar fanke a bakin gada,
ta fara cewa ni ma, cikin Fillancinta mai gargada.
Rakiyatu ta ce ita da silifa ta yi,
ɗan shekara biyu,
don ya kifar da man gyaɗa na sefa ɗari biyu.
Sannan aka zo kaina.

Na jira a ce mini muguwa.
Ruwa aka miƙo mini a moɗa.

In ya taso miki, in ji Adda,
kwantar da shi a katifa, ja ƙofa,
fita tsakar gida ki wanke fuska.
Kukan minti biyar bai taɓa kashe yaro ba.
Ki yi mini filashin, ni zan kira.
Raino ba kayan kai ɗaya ba ne,
ko tulu sai an ɗora wa mutum.

Sau huɗu na yi mata.
Sau biyu ta kira, muka yi hirar tsadar albasa
har numfashina ya dawo mazauninsa.
Sau biyu ta zo da kanta a bayan babur,
ɗankwali a karkace,
ta karɓe shi, ta ce kwanta.
Ban taɓa samun kyauta kamar barcin awa ukun nan ba.

Yanzu Muntari na dafa bango.
Ya shafe lamba biyu da hannunsa mai yawu.
Ba komai, tana kaina.

Daren jiya, ta bayan katanga,
jaririyar sabbin 'yan haya ta kai ƙarfe biyu tana tsala kuka,
sai na ji muryar uwar ta sauya.
Na san muryar.
Na zare mayafi daga ƙusa,
na laluba takalmi cikin duhu.