Biyar Saura Kwata

Mun fito daga gidan wasa a Budapest,
ni da ƙanena Benedek,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗunmu.
Zafin tafi bai bar hannuna ba
ya ce, "Piroska, sun cika wa miyar gishiri."

Labarin kowa ya sha shi a nono a garin nan:
tsoho mai gyaran agogo
ya hau hasumiyar tasha da asuba,
ya danne hannun agogo da nasa hannun
don kada jirgin sojoji ya tashi da ɗansa.

Benedek ɗan fim ne tun yana da gashi a ka.
Ya ce, "A allon sinima tsohon ba ya cewa uffan.
Kyamara ta matso har ka ga
faso a yatsansa,
da ɗigon gumi ɗaya tal a gefen hanci.
Minti biyu cur, ko tari babu.
Yau kuwa? Mutum na lilo a kan tsani,
za a kai ɗansa bakin wuta,
ya wage baki yana jan baiti bakwai,
'yan rawa ashirin na juyi a ƙarƙashinsa
da hulunan masu duba tikiti.
Wa ya taɓa kuka da 'yan amshi?"

Na ce, "Duk wanda ciwonsa ya fi bakinsa girma.
Fim ɗinka gawa ce mai kyan fuska.
Sau goma sha ɗaya ka kalle shi,
gumin nan bai taɓa sauya hanya ba.
A dandali tsanin na rawa da gaske,
mutumin yana iya faɗowa.
Ka ji yadda muryarsa ta tsage a baiti na shida?
Matar da ke gefena ta damƙe min hannu,
ba ta ko san sunana ba.
Gobe muryar ba za ta tsage a wurin ba.
Tsagar nan tamu ce, labule ya rufe a kanta."

Ya yi tsaki, muka hau jirgin titi mai ruwan ɗorawa.
Kogi na bin mu ta taga,
fitilun gada na wanka a cikinsa.

Ya ce, "To ƙarshen fa?
A fim yaron ya tafi, sai wasiƙa ta dawo.
Naku ya dawo yana ɗingishi, da ƙaho, da furanni.
Ƙarya ce aka shafa wa zuma.
Littafin ma ba haka ya ce ba."

Na ce, "Me littafin ya ce?"

Ya buɗe baki. Ya rufe.

Ba mu ne muka fara karanta shi ba.
Baba ne, a gefen murhu,
da tabarau mai ƙafa ɗaya da zare.
A bakin Baba agogon bai sake motsi ba.
Jirgin ya yi tsatsa a inda yake,
ciyawa ta tsiro tsakanin ƙafafunsa,
sojoji suka gaji, suka sauko ɗaya bayan ɗaya,
wani ya shuka kabeji, wani ya yi aure,
kaji suka yi ƙwai a taragun hafsoshi.
Sai da na kai talatin na buɗe shafin da kaina,
na nemi kajin, ban gan su ba.

Benedek ya ɗaga hannun riga.
Agogon Baba ne a wuyan hannunsa,
mai jan ƙafa, kullum a bayan gari.
Ya kara shi a kunne, ya daɗe.

Ya ce, "Amma dai mai gogen nan ya iya."
Na ce, "Gumin ma ba laifi."

Jirgin ya wuce tasharmu.
Babu wanda ya tashi.