Duwatsun Gauraka

Daren da Baba zai cika
ya ce, "Korau, in ka samu sarari
ka je Dutsen Gauraka, wurin ƙanwata Tsahare,
ka ce mata maganar gonar nan na yafe."
Bai ce wanne ba, ni ma ban tambaya ba,
don ban san dutse yana da takwara ba.

Na farko daga kwalta ake hango shi,
in ka ɗauki hanyar Birnin Kudu, ta hannun dama.
Ɗan acaɓa ya karɓi ɗari biyar
ya sauke ni a gindin wata tsamiya.
Masu fasa dutse sun cinye masa kafaɗa guda,
tifa na shiga wayam, tana fita da tsakuwa.
Wani tsoho mai gyaran ƙotar guduma ya ce
da can tsuntsayen a kansa suke kwana,
ranar da aka fara sa nakiya suka tashi.
"Tsahare? Mu nan ba mu da ita.
Gwada na bayan fadama."

Na biyu sai da damina ta ja da baya.
Mota ba ta zuwa. Amalanken Nomau na hau,
ni da kabewa goma sha ɗaya da tunkiya,
muka ratsa rafi, ruwa har cikin shanu.
Shi wannan gauraka ba ta taɓa sauka a kansa ba.
Wata mata ce, in ji su, mai dogon wuya,
ta ɓoye yaran gari a kogo, shekarar mahara.
Laƙabinta ne dutsen ya gada.
Suka nuna mini inda ta riƙa niƙa,
ramuka bakwai a kan fa, ruwan sama kwance a ciki.
Suka dama mini fura.
Su ma ba su san Tsahare ba.

Na uku saura kaɗan in wuce shi,
tsayinsa bai fi rumbu biyu ba.
Sai da ƙafa: ka bi gefen gonakin riɗi,
ka ƙirga giginya tara,
in ka kai rijiyar da aka daina ja, ka yi hagu.
Wata tsohuwa na shanya kuɓewa a kansa.
Kafin ta juyo na gane ƙeyar Baba.

Ta ce ita ta sa masa sunan.
Ranar da ta bar gida da fushi, da tabarma ɗaya,
ta iso nan, ta ga abin da za ta jingina da shi,
ta kira shi da sunan na garinsu
don bakinta ya riƙa zuwa inda ƙafa ta rantse.

Na isar da saƙo.
Ta daɗe tana juya kuɓewa.
"Ka ce ka je na bakin kwalta?
Ka ga wata tsamiya?"
Na ce a nan aka sauke ni, nan tifofi ke juyawa.
Ta ce, "To, ka taka gonar.
Shekara arba'in da ɗaya ba mu gaisa ba a kanta."

Ta ƙulle mini kuɓewa a leda,
ta rako ni har giginya ta huɗu
tana tambaya ko ya sha wuya.