Ɗaya, Uku, Huɗu, Biyu

Asabar da hantsi, a ƙofar gidanmu a Rafin Daɗi,
a-kori-kurar Baba ta wangale baki ƙarƙashin darbejiya,
ni kuma na sunkuya cikinta
kamar mai leƙen rijiya.

Kwana tara tana tari.
In ta ɗauko tumatur daga Ajiwa zuwa gari
sai ta yi ta shessheƙa a kan hawa.
Sallau direba ya ce baki ne ya kama ta,
bakanike ya ce a kawo dubu sha biyar kafin ya duba.
Baba na kan tabarma,
yana ta rufe masa ido tun bara,
ya karkata kunne, ya ce:
"Na ukku ne ba ya ci. Je ka sawo fulogi."

Na sayo huɗu a Ƙofar Ƙaura,
kowanne cikin ɗan kwalinsa, fari fat kamar haƙorin yaro.

Hannuna na alli ne.
Shekara sha ɗaya ina koya wa yara lissafi,
ban taɓa riƙe sifanar nan ba,
wadda ya naɗe cikin tsohuwar taguwa,
bakinta ya cinye, ƙotarta ta yi santsi da guminsa.

"Bari inji ya huce," in ji shi,
"ba a taɓa mai fushi.
Hure bakin ramin tukuna.
Ƙwayar yashi ɗaya, in ta faɗa ciki,
sai ta ci maka albashin wata ukku."

Na farko ya fito da launin soyayyar gyaɗa.
Na biyu ya yi gardama,
na dafa gwiwa, na cije leɓe,
ya saki da ƙara, na ɓare fatar yatsa.
Na uku kuwa baƙi ƙirin, a jiƙe, yana warin fetur.
Na ɗora masa a tafin hannu.
Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci,
ya ce, "Ga ɓarawon."

Sababbin ma sai da ya shafa su ɗaya bayan ɗaya,
yana auna gibin da farce.
"Fara ɗaurawa da yatsu, ƙarfe daga baya.
In ya hau a karkace kar ka tilasta shi.
Ka matse, amma ba matsar mai bin bashi ba."

Abin da ban faɗa masa ba:
na cire wayoyin huɗu gaba ɗaya
tun yana alwala.
Sai na mayar da su a jere, yadda nake rubutawa a allo,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na goge hannu, na murɗa makulli.

Daram!
Kaji suka watse,
Inna ta yi salati daga tsakar gida,
hayaƙi ya turnuƙe mai sayar da rake.

Baba ya yi dariya har tarin motar ya koma ƙirjinsa.
"Malamin lissafi!
Inji bai yi boko ba, ƙirgarsa daban.
Ɗaya, ukku, huɗu, biyu.
Shekara talatin da ita na ciyar da ku."

Na bi wayoyin da yatsa kamar mai bitar karatu,
bakina na maimaitawa.
Na sake murɗawa.

Ta ɗauka.
Babu tari, babu rawar ɗari,
sai wani guɗa ƙasa-ƙasa, sumul.

Ya miƙo hannu, na kama, na kai shi.
Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen,
ya yi shiru har ladan ya kira azahar.
Sannan ya lalubo baƙin fulogin nan
ya jefa a aljihu,
sifanar kuma ya tura mini,
bai ce komai ba.

Har ran Litinin baƙin mai bai fita daga farcena ba.
Yara suka ga tabonsa a jikin alli.